Garin da Babu Shi a Taswira: Tarihin Wasannin Taron Jama'a na Intanet

  Zancen da na zo da shi yau zai yi wa wasu kama da shiririta, domin a kan wasan kwamfuta ne. Ina roƙon mai karatu ya daure ya kai ƙarshe, saboda abin ya kusa raba wani uba da ɗansa a unguwarmu.

Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, wani dattijo mai sayar da goro a nan Sabon Ibadan ya ja ni gefe ya ce, "Malam, kai ne ka san kan na'urorin nan. Yaron nan nawa ya fi ƙarfina. Kullum yana gaban kwamfuta har ƙarfe biyun dare, yana dariya shi kaɗai. In damfarar nan ta 'yan Yahoo ya shiga, gara in sani tun kafin hukuma ta yi mini sallama. Ni dai na yanke shawarar in sayar da na'urar, in tura shi gida wajen baffanninsa." Na ce, "Baba Alhaji, a ba ni kwana biyu in gani da idona."

Da na shiga ɗakin yaron na leƙa fuskar kwamfutar, sai na yi tsaye. Ga fadar Lumbridge, ga gada, ga kogi, ga makiyayar shanu a tsallake. Na san wurin kamar yadda na san hanyar Mokola. Wasan RuneScape ne, kuma ni kaina na yi kusan shekara biyu a cikinsa, daga 2005 zuwa 2007, zamanin da ake kulle mu a kafe tun ƙarfe goma na dare sai asuba a buɗe ƙofa, saboda kuɗin kwana ya fi na rana sauƙi. Ban taɓa faɗa wa kowa a majalisarmu ba sai yau. Don haka na ga ya kamata in zauna in rubuta tarihin wannan abu, da dalilin da ke sa mutum mai hankalinsa ya tare a cikinsa.

Wane Irin Wasa Ne?

Turawa na taƙaita sunansa da haruffan MMORPG. Ma'anarsa a taƙaice, wasa ne da dubban mutane ke shiga a lokaci guda ta hanyar intanet, kowa ya ƙirƙiri mutum-mutuminsa, ya raɗa masa suna, ya zaɓa masa sana'a, ya riƙa yawo da shi a cikin wata duniya ta zane mai birane da dazuzzuka da kasuwanni. Bambancinsa da wasan ƙwallo ko na tseren mota shi ne ba ya ƙarewa. In ka kashe kwamfutarka ka kwanta, duniyar na nan tana tafiya a kan babbar kwamfutar kamfanin, wato uwar garke. Kasuwa na ci, farashi na hawa yana sauka, abokanka na tambayar ina ka shiga. Mai karatu ya riƙe wannan, domin duk bayanin da zai biyo baya a kansa ya rataya.

Mafarin Al'amarin

Abin ya faro ne a shekarar 1978 a Jami'ar Essex ta ƙasar Ingila, inda wani ɗalibi mai suna Roy Trubshaw ya fara rubuta wata manhaja da ya kira MUD a kan babbar kwamfutar jami'ar. A 1980 ya miƙa ragamar ga abokinsa Richard Bartle. Babu hoto ko ɗaya a wasan, rubutu ne zalla. Kwamfuta za ta rubuto maka cewa kana tsaye a bakin hanya, ga gida a gabas. Kai kuma ka rubuta mata ka nufi gabas. Sabon abin da ke ciki shi ne, in ka shiga gidan kana iya tarar da wani mutum na gaske, ku gaisa, ku haɗa kai, ko ya kashe mutum-mutuminka ya kwashe kayanka. Jami'ar ba ta barin mutanen waje su shiga sai da tsakar dare, daga wajen ƙarfe biyu zuwa safiya, lokacin da babu mai bukatar kwamfutar. Duk da haka layi ba ya rabuwa da jama'a. Ka ga ke nan kwana a gaban na'ura ba da 'ya'yanmu ya fara ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne dalilin da Bartle ya sha bayarwa daga baya. Shi da Trubshaw 'ya'yan talakawa ne, ɗaya daga yankin Yorkshire, ɗaya daga Wolverhampton, a ƙasar da karin harshenka da gidan da ka fito ke yanke maka matsayi tun kafin a ga aikinka. Sai suka gina duniyar da kowa ke farawa daga mataki ɗaya, ba a hawa sai da abin da mutum ya aikata. Wannan tsarin hawa mataki-mataki da ake gani a kusan duk wasannin yau, a wurinsu martani ne ga tsarin 'ya'yan wane da wane na Ingila.

A 1986 kamfanin Lucasfilm na Amurka ya gwada wata duniya mai hotuna da ya kira Habitat, a kan ƙaramar kwamfutar Commodore 64. Mutanen da aka yi gwajin da su ba su wuce ɗari biyar ba, amma me aka gani? Sun buɗe jarida, an ɗaura aure, wani limamin Kirista ya buɗe majami'a. Da sata da kisa suka yi yawa aka yi muhawara, aka kaɗa ƙuri'a, kan jama'a ya rabu kusan biyu daidai. Sai aka sasanta cewa babu kisa a cikin gari, amma wanda ya fita daji ya kula da kansa. Daga baya har suka zaɓi ɗan doka. Waɗanda suka tsara wasan, Chip Morningstar da Randy Farmer, sun rubuta a 1990 cewa babban darasin da suka koya shi ne mutane sun fi zuwa domin junansu, kuma ba ya yiwuwa a tsara musu rayuwa daga sama.

Mutum Huɗu a Gari Ɗaya

A 1996 Bartle ya fitar da wata maƙala da har yau ake komawa gare ta, inda ya kasa 'yan wasa gida huɗu. Akwai mai neman ɗaukaka, wanda burinsa ya tara maki da dukiya ya kai ƙololuwa. Akwai mai bincike, wanda ke son sanin abin da ke bayan kowane dutse da yadda dokokin duniyar ke aiki. Akwai ɗan zumunci, wanda wasan a wurinsa dandalin hira ne kawai. Sai na huɗu, mai farautar mutane, wanda daɗinsa ya ga ya fi ƙarfin wani, ko ya ɓata masa rai. Bartle ya ce gari ba ya zaunuwa sai an sami daidaito a tsakaninsu. In mafarauta suka yi yawa, 'yan zumunci za su gudu, in kuwa suka gudu garin ya mutu.

Shekara ɗaya bayan nan aka ga gaskiyar maganarsa. A watan Satumba na 1997 Richard Garriott da kamfaninsa suka buɗe Ultima Online, wanda shi ne na farko a irinsa da ya tara masu biyan kuɗin wata dubu 100. A cikinsa kana iya zama maƙeri ko tela ko masunci ko mai gashin burodi, ka gina gida, ka buɗe shago. Masu wasan sun ɓata shekaru suna tsara yadda ciyawa za ta ciyar da dabbobi, manyan namun daji su ci ƙanana, amma da aka buɗe ƙofa jama'a suka karkashe duk abin da ke motsi, dole aka cire tsarin. Shi kansa Garriott, wanda ke yawo a matsayin sarkin duniyar da sunan Lord British, wani ɗan wasa ya banka masa wuta ya kashe shi a gaban taro tun lokacin gwaji, a watan Agusta na shekarar. 'Yan fashi suka tare hanyoyi har masu sana'a suka fara barin wasan. A shekarar 2000 kamfanin ya raba duniyar biyu: Felucca inda fashi ya halatta, da Trammel inda ba mai taɓa ka sai da yardarka. Mafi yawan jama'a suka kwashe kayansu suka koma Trammel. Ashe akasarin mutane wurin zama lafiya da sana'a suke nema.

Masu Cewa Can Ne Gida

A watan Maris na 1999 EverQuest ya fito, da duniyarsa mai suna Norrath. An gina shi da wuya da gangan, yadda mutum ɗaya ba ya iya yin nisa. Dole jarumi ya nemi mai magani, mai magani ya nemi mai kare shi. Daga nan ƙungiyoyi suka yi ƙarfi, masu shugaba da ma'aji da dokokin shiga da na kora. Wata ƙungiya ma ta ƙirƙiro tsarin maki don rabon ganima: duk daren da ka halarci yaƙi a rubuta maka, ranar da kaya mai daraja ya faɗo wanda ya fi tara maki shi ke da haƙƙin ɗauka. Wanda ya taɓa zubin adashi ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A ƙarshen 2001 wani masanin tattalin arziƙi, Edward Castronova, ya lissafa farashin da ake sayar da kuɗi da kayan Norrath da dalar gaske a kasuwannin intanet. Ya gano cewa ɗan wasa na samar da abin da ya kai kusan dala uku da rabi a awa, kuma da Norrath ƙasa ce, da arziƙin kowane mutum a cikinta ya faɗo tsakanin na Rasha da na Bulgeriya. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a binciken wani ne daban. Kashi 20 cikin ɗari na waɗanda suka amsa tambayoyinsa sun ce su a Norrath suke zaune, duniyarmu ta zahiri zuwa kawai suke yi su koma.

A daidai wannan zamani wani mai binciken halayyar ɗan Adam, Nick Yee, ya yi wa 'yan wasa sama da dubu 30 tambayoyi. Sakamakon ya saɓa wa zaton jama'a. Matsakaicin shekarunsu 26 ne, kusan rabinsu ma'aikata ne na cikakken lokaci, sama da kashi ɗaya cikin uku na da aure, kuma suna ba wasan kimanin awa 22 a mako. Kusan maza huɗu cikin goma, da fiye da rabin matan, sun ce abokan da suka yi a wasan sun kai na zahiri ko sun fi su.

A Koriya ta Kudu ma haka abin ya kasance. Wasan Lineage ya fito a 1998, ana tsakiyar karayar tattalin arziƙin da ta faro a 1997, lokacin da mutane da dama suka rasa aiki, shagunan kwamfuta kuma suka cika ko'ina. A Lineage ƙungiya na iya cin fada da yaƙi, ta ɗora wa garin haraji. Wanda aka sallama daga ofis da rana, da dare yana iya zama sarkin yaƙin da ɗaruruwa ke jiran umarninsa.

Zamanin Miliyoyi

A watan Nuwamba na 2004 kamfanin Blizzard ya buɗe World of Warcraft. Ya ɗauki tsarin EverQuest ya sassauta wahalarsa, sai ga duniya ta ɗungumo. Zuwa 2010 masu biyan kuɗi sun kai miliyan 12, a Amurka kowannensu na biyan kimanin dala 15 a wata. A shekarun farko manyan yaƙe-yaƙensa na bukatar mutum 40 su hallara a sa'a ɗaya, kowa da aikinsa. In mai magani ɗaya ya yi latti, mutum 39 ne za su zauna jiransa. Wannan jiran yana daga cikin manyan igiyoyin da ke ɗaure mutum. Mutane nawa ne a cikinmu ke da wurin da in ba su zo ba za a tsai da komai a nemi lafiyarsu?

A watan Satumba na 2005 wani kuskure a manhajar ya sa wata cuta da aka tsara don kogo ɗaya kacal ta fita ta shiga birane, ta jikin dabbobin da 'yan wasa ke kiwo. Tituna suka cika da ƙasusuwa. Wasu suka gudu ƙauye, wasu masu magani suka ruga cikin gari suna ceton mutanen da ba su sani ba, wasu suka tsaya a bakin hanya suna gargaɗin masu shigowa, wasu kuwa suka riƙa yaɗa cutar da gangan. A 2007 wasu masana annoba biyu, Eric Lofgren da Nina Fefferman, suka wallafa nazari a kan abin a ɗaya daga mujallun likitanci na Lancet, suna cewa akwai darasi a ciki game da yadda jama'a ke yi in annoba ta sauka. Halin da mutum ya shiga da shi, shi yake nunawa a can.

Wani wasan, EVE Online na ƙasar Aislan, wanda aka buɗe a 2003, ya sakar wa 'yan wasa kasuwa da siyasa kusan gaba ɗaya, har a 2007 kamfanin ya ɗauki masanin tattalin arziƙi aiki don ya riƙa sa ido a kan hauhawar farashi. A watan Janairu na 2014 wata ƙungiya ta kasa biyan kuɗin riƙe wani yanki a kan lokaci, abokan gaba suka auka mata. Mutane sama da 7,500 suka yi awa 21 suna gwabzawa, aka ƙiyasta jiragen da suka ƙone sun kai darajar dala dubu 300.

Shi kuwa RuneScape da na fara da zancensa, 'yan uwa biyu ne a Ingila, Andrew da Paul Gower, suka fitar da shi a Janairun 2001. Ba ya bukatar babbar kwamfuta, kuma ana shiga kyauta, shi ya sa ya iso irin kafe ɗinmu masu intanet mai tafiyar hawainiya. Ni sana'ata a ciki su ne da saran itace. In na tara kaya sai in tafi bakin banki a birnin Varrock, inda ɗaruruwa ke tsaye kowa na rubuta tallansa, kamar kara ranar da tirela ta sauke shanu. A nan wani ya ce zai yi wa sulkena ado kyauta, na miƙa masa, ya ɓace. Aikin mako uku ya tafi. Wallahi na yi baƙin ciki na gaske a kan sulken da babu shi. Amma a daren wani da ban taɓa gani ba, wanda ya ce daga Holan yake, ya ba ni nasa tsohon, bai nemi komai ba. Saboda shi na ƙara shekara guda a wasan. A 2013 kamfanin ya dawo da tsohon samfurin 2007 bisa roƙon jama'a, da sunan Old School RuneScape, kuma shi ne na tarar yaron Alhaji na yi. Da kuɗin Benezuwela ya lalace a shekarun 2017 zuwa 2019, mutane da yawa a can da wannan wasan suka riƙa ciyar da iyali, suna tara zinaren ciki suna sayar wa 'yan ƙasashe masu arziƙi, duk da cewa dokar wasan ta hana.

Labarin da ya fi kowanne taɓa ni na wani matashi ne ɗan ƙasar Norwe, wanda ciwon shanyewar tsoka ya ɗaure a keken guragu har ya rasu a 2014 yana da shekara 25. Iyayensa na kukan ya tafi bai yi abokai ba, bai bar gurbi a rayuwar kowa ba. Da suka sanar da rasuwar a intanet sai saƙonni suka yi ta shigowa daga ƙasashen Turai, daga mutanen da suka san shi shekaru da sunan Ibelin a World of Warcraft. Wannan ta ce shi ya sasanta ta da iyayenta, waccan ta ce shi ya taimaka mata ta fahimci ɗanta. Wasunsu suka hau jirgi suka zo jana'izarsa a Oslo. An yi fim a kan rayuwarsa a 2024.

Inda Gizo Ke Saƙa

Kada mai karatu ya ɗauka talla nake yi. Kamfanonin nan kasuwanci suke yi, ribarsu ita ce ka daɗe. Sun san abin da masanin halayya B. F. Skinner ya nuna da tantabaru tun tuni, cewa ladan da ba a san ranar zuwansa ba ya fi sa a nace. Dodo na iya yar da takobi mai daraja a karo na farko ko na ɗari biyar, don haka kullum kana cewa bari in ƙara ɗaya. A Old School RuneScape ƙololuwar kowace sana'a mataki na 99 ne, wanda ke bukatar maki sama da miliyan 13, kuma in ka kai mataki na 92 rabin tafiyar kawai ka yi. Ni shaida ne, na sha makara sallar asuba, na sha gyangyaɗi a shago.

Hukumomi ma sun lura. A 2011 Koriya ta Kudu ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 wasan intanet daga sha biyun dare zuwa shida na safe, kafin ta soke dokar a 2021. A wannan shekarar ta 2021 ƙasar Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 awa ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasa cikin jerin cututtuka, amma da sharuɗɗa: mutum ya kasa tsai da kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, kuma yawanci a ɗauki shekara guda a haka. Hukumar da kanta ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa ke kaiwa nan.

Sannan garin na aro ne. Ranar da kamfani ya ga babu riba sai ya kashe uwar garke. Haka aka yi wa Star Wars Galaxies a 2011, da City of Heroes a 2012, mutane suka taru a dandali suna bankwana har fuskar kwamfuta ta ɗauke. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Kammalawa

Da na zauna da yaron na tambaye shi me yake samu a ciki. Ya ce, "Kawu, a nan in na fita Mokola sunana Aboki. In na je gida hutu, 'yan uwana na ce mini Bayarabe saboda Hausata. Da zan nemi makaranta an ce in kawo takardar ɗan asalin jiha, ta nan ba a ba ni ba, ta can sai da Baba ya yi ta sintiri. A cikin wasan nan kuwa ni ne ma'ajin ƙungiyarmu. Mu sittin ne, kuma dukiyarmu a hannuna take, don ban taɓa cin ta kowa ba." Ban sami abin ce masa ba, domin maganar da Bartle ya yi a kan Ingila ce yaron da bai taɓa jin sunansa ba yake maimaita mini.

Mu mazauna Sabo bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. An kafa unguwar nan a 1916. Baturen nan Abner Cohen, wanda ya zauna da iyayenmu a farkon shekarun 1960 ya fitar da littafinsa a 1969, ya yi bayanin yadda ake ba mahauta shanu bashi babu takarda babu sa hannu, sai amanar maigida da dillali, da sanin cewa wanda ya ci amana sunansa ya ɓaci daga nan har Arewa. Baƙo ya sauka a garin da ba a san ubansa ba, ya nemi masauki, ya kama sana'a, ya gina suna da hannunsa har a riƙa ba shi ajiya. Abin da na gani a tarihin wasannin nan tun daga 1978 ke nan: mutum na son wurin da aikinsa ke ƙirguwa, aka san sunansa, kuma ake jiransa.

Na koma wajen Alhaji na ce, "Baba, yaronka ba ɓarawo ba ne, ma'aji ne ma. Amma barcinsa ya lalace, karatunsa ya ja baya, asuba na wuce shi, wannan kuwa gaskiyarka ce. In ka sayar da na'urar ka raba shi da mutum sittin da ke ganin girmansa, kai kuma ba ka ba shi ko ɗaya a madadinsu ba." Ya yi shiru, can ya ce, "To ni me zan ba shi?" Na ce ya gwada ba shi littafin bashin shago. Muka yi yarjejeniya mu uku: ƙarfe goma sha ɗaya a rufe kwamfuta, asuba a masallaci, ranar Asabar yaro ya zauna a kan lissafin goro. Ba a tura shi gida ba. Mako na uku ke nan, sau biyu ya karya dokar sha ɗaya, Alhaji kuma har yanzu bai sakar masa makullin akwatin kuɗi ba. Muna dai lallaɓawa.

Shawarata ga iyaye 'yan uwana ita ce, kafin a fasa na'ura a ja kujera a zauna kusa da yaro, a tambaye shi sunansa a can, da sana'arsa, da su wa ke jiransa. Wanda ke da irin wannan a gidansa, ina son jin yadda ya ɓullo wa abin. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa mu gama da duniya lafiya.